Dillalin da ba a ganin fuskarsa: wata 14 ina sayar da takalmin fata a kasuwar intanet

Tun da na rufe shagona na intanet, da wuya mako ya wuce ba a samu wanda ya tare ni a Ƙofar Wambai ko ya kira ni a waya yana tambayar yadda ake shiga kasuwar intanet ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga farko, da kuɗin da na kashe da kwanakin da na yi ina jira. Ba zan kama sunan kamfanin da na sayar da kaya ta shafinsa ba. Ba faɗa ya kawo ni ba, kuma abokaina da suka yi hulɗa da wasu kamfanonin sun ce da ni kusan duk kanwar ja ce.

Shagonmu na kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ba nawa ba ne, na kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, ni dai ina tsare masa tun ina sakandare. Takalman fata na maza muke sayarwa, ɗinkin hannu, sau-ciki da masu maɗauri, sai 'yan jakunkuna da walat. Dukawa uku ke mana aiki, fatar kuma daga hannun majemanmu na Kano take fitowa, yawanci ta akuya. Masu sayen kayanmu 'yan sari ne daga Zariya da Katsina da Maraɗi, sai masu sayen ɗaiɗai idan salla ta matso. A watan Oktoban 2022 na shawo kan Kawu ya ware min kaya na naira 300,000 in gwada su a intanet. Na yi masa bayani cewa kamfani ne zai tallata kayan, ya karɓi kuɗi, ya kai wa mai saye har gida, ya cire la'adarsa ya turo mana saura. Ya ce, "To ai dillali ke nan. A ina yake zama?" Na ce a Legas, amma komai ta waya ake yi. Ya ce, "Idan ciniki ya ɓaci, ƙofar wa za mu je mu yi sallama?" Dariya na yi, na ce, "Kawu, zamani ya wuce nan." Ya ce Allah Ya ba da sa'a, ya ci gaba da jan carbinsa.

An ce rajista kyauta ce, kuma gaskiya kamfanin bai karɓi ko sisi ba a wannan matakin. Takardun da ya nema ne suka ci kuɗi. Na zaɓi in yi rajista da sunan kasuwanci maimakon sunana, sai aka buƙaci shaidar rajista daga CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar haraji ta TIN, da katin shaida mai lambar NIN, da asusun banki mai ɗauke da sunan kasuwancin, da hoton takardar kuɗin wuta don tabbatar da adireshi. Shagon Kawu ya fi shekara 20 a kasuwa, amma babu inda aka taɓa rubuta sunansa sai a bakin mutane. Na je wurin wani mai shagon kwamfuta da ke yi wa mutane wannan aikin, na ba shi naira 25,000, kuɗin hukuma da ladansa a haɗe. Sunan da na fara zaɓa bai samu shiga ba don wani ya riga ni da mai kama da shi, na biyun ne ya wuce, saboda haka ka tafi da sunaye biyu ko uku a aljihu. Kwana 12 takardar ta fito, lambar haraji ta biyo baya da kwana uku. A banki ne na sha zirga-zirga. Duk wanda ke da suna irin Muhammad a jerin sunayensa ya san wannan ciwon kai: nan an rubuta da "u", can da "o", wani wurin an yar da harafi guda. Sunan da ke BVN ɗina na banki bai yi daidai da na NIN ba, sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa, na sake ɗaukar fasfo, na kuma nemo mutum biyu masu asusun kasuwanci da za su tsaya min. Sau uku na koma bankin. Kafin in ɗora hoton takalmi ko ƙafa ɗaya, mako biyar sun tafi, haka ma kusan naira 40,000. Da na san haka, da gyaran sunan zan fara yi.

Daga nan sai horo. Bidiyo ne da Turanci, kusan awa biyu, da 'yan tambayoyi a ƙarshe. Ni na yi boko, amma na riƙa tuna 'yan kasuwarmu da ke juya miliyoyi alhali da Hausa da ajami suke lissafi. A ƙarshen horon aka kawo yarjejeniya mai shafuka da yawa, ƙananan rubutu, na gangara ƙasa na danna "na amince" ban karanta ko layi biyar ba. Wannan dannawar sai da ta dawo ta same ni bayan shekara guda.

Ɗora kaya ya fi duk abin da na zata wuya. Hotunan da na ɗauka a kan tabarmar shago, waɗanda mutane ke yabawa a WhatsApp, an dawo min da su gaba ɗaya: sai bayan hoton ya zama fari tas, ba inuwa, ba rubutu, ba hannun mutum. Na sayi farin kwali na shimfiɗa a tsakar gida da hantsi, aka sake ƙi, wai ya yi duhu. Ƙarshe mai hoto na kai wa, ya ɗauki samfuri 18 a kan naira 700 kowanne. Sai cike bayanai: nauyi, tsawo, launi, sunan kamfanin da ya ƙera. A nan na tsaya, domin baduku ba shi da tambari, sunansa shi ne aikinsa. Kowane samfuri na tura sai ya kwana biyu zuwa huɗu ana dubawa, idan an ƙi kuma dalilin jimla ɗaya ce, irin "hoto bai cika ƙa'ida ba", ba a ce wace ƙa'idar ba. Sai ka yi ta lalube kamar makaho a kasuwar da bai sani ba. Sai tsakiyar Disamba kayana suka bayyana.

Oda ta farko ta shigo da daddare, bayan isha'i, sau-ciki ruwan ƙasa lamba 43, za shi Ibadan. Ban yi barcin kirki ba don murna. An ba ni awa 48 in kai shi wurin karɓar kayansu. Da safe na je na buga takardar da ake liƙawa a jikin kaya, naira 100, na sayi kwali da leda da salatif, na hau ɗan sahu. Na tarar da mutum bakwai a gabana da ma'aikaci ɗaya, intanet ɗinsu kuma tana ɗaukewa tana dawowa. Awa biyu da rabi na zauna a benci. Da layi ya zo kaina sai ma'aikacin ya farke kwalin da na ɓata lokaci ina naɗewa, domin ashe a buɗe ake kawowa, su duba, sannan a rufe a gabansu. Ya ɗaga takalmin ya kara da hoton da ke kwamfutarsa, ya ce launin bai zo ɗaya ba. Na ce, "Ɗan'uwa, fata ce, ba roba ba ce. Akuya biyu ma ba sa zuwa iri ɗaya, balle a ce rini ya kama su daidai." Ya yi murmushi ya ce ya gane, amma idan mai saye ya yi ƙorafi shi za a tuhuma. Da ƙyar ya karɓa. Darasi na farko ke nan: an gina kasuwar ne don kayan inji, waya da caja da takalmin kamfani, inda dubu suke fitowa kamar an tsaga kara. Abin da ke sa kayan hannu daraja a wurinmu, shi ne aibinsa a wurinsu. Ka kuma tabbata an ba ka rasit na karɓar kaya, ka ɗauki hotonsa nan take.

Takalmin ya isa Ibadan bayan kwana shida. Na zaci washegari zan ji alat. Ashe sai kwanakin da aka ba mai saye na dawo da kaya sun cika, sannan cinikin ya shiga lissafin biya, sannan a jira ranar da kamfani ke biyan masu sayarwa. Kwana 23 tsakanin fitar takalmin daga hannuna da shigar kuɗinsa. Da suka shigo kuma sai na ga naira 6,949, alhali 9,000 na sa masa. Na buɗe takardar lissafin na bi ta layi-layi. La'ada kashi 15 cikin 100, naira 1,350. Harajin VAT a kan la'adar, kashi 7.5 da ake karɓa a Najeriya tun Fabrairun 2020, naira 101. Gudummawar mai sayarwa ga kuɗin kai kaya, naira 600. Takalmin a hannun baduku 5,500 ya tsaya mana. Cire kwali da leda da buga takarda 350, cire ɗan sahu zuwa da dawowa 400, abin da ya rage bai cika naira 700 ba. Irin takalmin nan a shago 7,000 muke sallamawa, riba 1,500, kuɗi a hannu, ba a bar kan benci ba. Na nuna wa Kawu, ya ce, "Dillalin Kwari idan zai ci la'ada, kafin a sallama ake faɗarta." Na ce ai an rubuta a yarjejeniya. Ya ce, "Ka karanta?" Na yi shiru.

Na ƙara farashi zuwa 10,500, oda ta ragu amma ba ta tsaya ba, har na fara haɗa kaya uku ko huɗu in kai lokaci guda don kuɗin sahu ya ragu. Sai canjin kuɗi ya zo. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuma daga ƙarshen Janairun 2023 zuwa Maris tsabar kuɗi ta zama abin nema da fitila. Mafi yawan masu sayen kayana tsarin biya idan kaya ya iso hannu suke zaɓa. Mai kai kaya ya je ƙofar gida, mutum ba shi da tsaba, tiransifa ta maƙale, sai a rubuta an kasa isarwa. A watan Fabrairu kaɗai oda 19 na aika, 8 suka dawo. Kuma dawowar ba ta kwana biyu ba ce. Kaya sai ya koma babban rumbunsu na Legas, a tantance shi, sannan ya kamo hanyar Kano, tafiyar kusan kilomita 1,000. Akwai wanda ya yi mako biyar kafin in sake ganinsa, kwalin ya lotse, fatar ta ɗauki danshi ta yi fumfuna. Duk tsawon lokacin nan jarina na yawo a bayan mota, ba ya shago balle in sayar, ba ya banki balle in biya baduku. Mai sayen da ya fasa kuwa bai yi asarar ko kwabo ba. Ya danna ne kawai, ya sake shawara.

Wanda ya fi ƙona min rai ya faru ne a watan Maris. Wani ya karɓi takalmi, ya biya, bayan kwana biyar ya ce ya yi masa kaɗan, aka karɓo aka mayar masa da kuɗinsa. Da kayan ya iso na sa hannu a takarda na ɗauka na tafi, sai a shago na buɗe. Ƙasan takalmin ya sha ƙasa, shatin yatsun mutum ya kwanta a cikin fatar, ga alama biki ya ci da shi ko ya je masallacin Juma'a. Na shigar da ƙorafi ta shafin masu sayarwa, aka ba ni lamba aka ce in jira. Bayan kwana huɗu amsa ta zo: in turo bidiyon lokacin da nake buɗe kwalin, da takardar jikinsa tana fitowa sosai. Wa ya gaya min ana ɗaukar bidiyo? Na tura hotuna, aka ce ba su wadatar ba, tunda na sa hannu na karɓa lafiya. Aka rufe ƙorafin. Na buɗe sabo, wani daban ya amsa da jimlolin da na farkon ya rubuto, ko waƙafi bai canja ba. Daga ranar ban sake buɗe kayan da aka dawo da shi ba sai a gaban ma'aikacinsu, wayata na ɗauka tun kafin a yanke salatif. Sau biyu wannan bidiyon ya ƙwato min kuɗina daga baya.

Ƙaramar salla ta 2023 ta faɗo ranar 21 ga Afrilu, kuma duk ɗan kasuwar Kano ya san yadda goman ƙarshe na azumi take. Shago ya cika, Kawu da yaransa suna ta sallamar mutane, ba wanda ke tuna cewa ƙafa shida da ke saman kanta na riga na rubuta su a intanet. Aka sayar da huɗu. Daren nan oda uku ta shigo a kansu. Baduku ya ce ko zai kwana a zaune ba zai gama kafin awa 48 ba, ga ɗinkin mutane a gabansa. Dole na soke. Kowace sokewa aka ci ni tara, makin shagona ya faɗo, kayana da ke fitowa a shafin farko suka koma can ƙasa inda ba mai zuwa. Wannan laifina ne, ban musa ba. Wanda zai haɗa shago da intanet ya ware kayan intanet a buhu daban ya ɗaure bakinsa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ni na saɓa sau uku an hukunta ni a take, masu saye sun saɓa min ya fi sau 20 ba a ce musu kanzil ba.

Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin sahu ya ninka, fata da gam da roban ƙasan takalmi duk suka tashi. Bayan 'yan makonni na ga abin da ake cire min na kai kaya ya ƙaru. Na yi ƙorafi, aka ce an aiko da sanarwa ta imel. Na bincika na same ta kwance cikin tarin saƙonnin talla, da Turanci, kwana bakwai kafin ƙarin ya fara aiki. Ƙarin bai ba ni mamaki ba, kowa ya san mota ba ruwa take sha ba. Amma kamfanin da ke iya turo min saƙon waya da ƙarfe biyun dare cewa oda ta shigo, ya kasa turo min irinsa ranar da zai ƙara abin da yake cira daga kuɗina.

A watan Nuwamba aka fara shirin babban gwanjonsu na shekara, wanda suke kira Black Friday. Kawu ko sunan ba ya so a faɗa a shagonsa, ya ce Juma'a ba ta baƙi. Wata ma'aikaciya ta kira ni, karo na farko da muryar mutum ta neme ni daga kamfanin, ta ce idan na rage kashi 20 za a sa kayana a gaba. Na yi lissafi na ga ribar za ta zama ta ɗanɗano, amma na ce yawa zai cike. Na sa dukawa suka yi ƙafa 60. Cikin kwana goma oda 47 ta shigo, abin da ban taɓa gani ba. Ina cikin murna, ranar 4 ga Disamba na buɗe shafina na ga jan rubutu: an dakatar da shagon, ana bincike. Dalili, yawan kayan da ake dawowa da su ya wuce ƙa'ida, kuma wasu sun ce abin da suka gani a hoto ba shi aka kawo musu ba. Kuɗina naira 312,000 suna ciki, kuma an riƙe su har sai an gama. Dukawa kuwa na jiran cikon kuɗinsu, ɗaya daga ciki zai aurar da 'yarsa a ƙarshen watan.

Na rubuta ƙorafi huɗu cikin mako guda, amsa ɗaya: ana dubawa. Lambar ma'aikaciyar da ta kira ni ta daina shiga. Ranar Litinin Kawu ya sa babbar rigarsa ya ce in kai shi wurin dillalin. Muka hau sahu har wurin karɓar kaya. Ya yi sallama, ya gaisa da yaron da ke kan kwamfuta, ya ce, "Yaro, ina mai gidan nan?" Yaron ya miƙe da ladabi ya ce, "Baba, mu kaya kawai muke karɓa, maganar kuɗi ta Legas ce." Ya taimaka ya kira wani na gaba da shi, ya sa a amsa-kuwwa. Wancan ya ce shi ma ba shi da iko, sistem ne ya rufe shagon da kansa da lissafi ya kai wani adadi. Na fassara wa Kawu. Ya ce, "To a ba mu shi sistem ɗin mu yi magana." Yaron ya sunkuyar da kai yana danne dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni, domin tambayar da na yi wa dariya wata 14 da suka wuce ita ce ta dawo, kuma har yanzu ba ni da amsarta. A hanyar komawa Kawu bai ce min komai ba. Da muka isa ya buɗe durowa ya ƙirga kuɗin mai aurar da 'ya ya ce in kai masa.

Wani abokina lauya ne ya karanta min yarjejeniyar da na danna wa "na amince". A ciki an rubuta cewa kamfani na iya riƙe kuɗin mai sayarwa yayin bincike, yana iya canja kuɗaɗen da yake cira idan ya ba da sanarwa, kuma shi ke da maganar ƙarshe a kan kayan da aka dawo da su. Ya ce in daina rubuta ƙorafi cikin fushi, in yi takarda ɗaya tsararriya. Muka jera lambar kowace oda, da ranar da na kai ta, da hoton rasit, da dalilin dawowarta. A nan ne ya fito fili cewa cikin kaya 14 da aka dawo da su, 9 ba a ma buɗe su ba, masu su ne ba su ɗaga waya ba ko suka ce sun fasa, amma duk an lissafa su a kaina. Muka aika ta imel, shi ma ya sa hannu da hatiminsa. Bayan kwana tara aka buɗe shagon, ba tare da wani bayani ba. Kuɗin suka shigo kwana 26 bayan dakatarwar, an cire tara da kuɗin dawo da kaya, saura 271,500. Na jira ragowar kayana suka iso, na sauke hotunan, na rufe shagon da hannuna.

Ba zan ce wa kowa kada ya shiga ba. Ta nan takalmin Ƙofar Wambai ya je Fatakwal da Enugu da Akure, garuruwan da ban taɓa takawa ba, kuma mai sayar da kayan kamfani masu lamba ɗaya da launi ɗaya zai fi ni jin daɗinta. Amma kada ka sa jarin da ba za ka iya haƙura da shi na wata biyu ba, kuma kada ka sa kuɗin mutane. Kafin ka rubuta farashi, ka samo jerin duk abin da ake cira na irin kayanka, ka ɗora kuɗin kwali da na sahu, sannan ka ƙaddara cewa cikin kowane biyar ɗaya zai dawo, ka raba asararsa a kan huɗun. Idan takalmi ne ko hula ko riga, lamba kaɗai ba ta isa ba, ka auna da tef ka rubuta tsawon da santimita, domin 43 ɗin baduku ba lallai ta zama 43 ɗin kamfani ba. Ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa aikin hannu ne, launi na iya ɗan bambanta. Ka buɗe imel na daban don wannan harkar kaɗai. Yarjejeniyar kuma ka kai wa wanda ya iya ya karanta maka, ko da za ka biya shi.

Su kuma kamfanonin, abin da zai gyara su ba sabon ilimi ba ne, yana nan a Kwari da Kurmi da Dawanau tun kafin a haife mu. Na farko shi ne kafin alƙalami. Wanda ya ce a ɗauko masa kaya daga Kano zuwa Legas ya ajiye ko da kuɗin mota ne, idan ya fasa ba dalili ya bar su. Wannan kaɗai zai kashe rabin wasan da ake yi da jarin mutane. Yadda ake ba mai sayarwa maki, a riƙa ba mai saye, wanda ya saba fasawa a hana shi biya a ƙofar gida. Kayan da ba a buɗe ba kada a lissafa shi cikin laifin mai kaya, kuma wanda aka fasa a Kaduna ba shi da dalilin zuwa Legas kafin ya dawo Kano. Lokacin da mutum ke rubuta farashi, shafin ya nuna masa nan take abin da zai shiga aljihunsa, ba sai bayan kwana 23 ba. Idan za a yi bincike a riƙe kuɗin odar da ake tuhuma, ba duk abin da mutum ya tara ba, a kuma faɗi ranar gamawa. Sai babban cikinsu: a Kano, garin da kasuwanci ya yi shekaru aru-aru yana ci da mutane, a ajiye mutum ɗaya mai jin Hausa, mai ikon buɗe fayil ya ce an yi kuskure, a gyara. Ba yaron karɓar kaya ba, wanda shi ma abin tausayi ne, kullum shi ke shan faɗan da ba nasa ba.

Yanzu ta WhatsApp da Instagram nake sayarwa. Mutum ya zaɓa, in ɗauki bidiyon ainihin takalmin da zan aika masa, ya turo rabin kuɗi, in kai tasha in ba direba, in tura masa lambar direban. Nan ma akwai nata ƙayar, sau ɗaya an yi min alat na bogi, shi ya sa ba na sakin kaya sai na buɗe manhajar banki na ga kuɗin da idona. Cinikin bai kai na wancan Nuwamban ba, amma mutum 11 daga cikin waɗanda suka fara sanina a waccan kasuwar sun nemo ni da kansu, ɗaya ma daga Fatakwal yanzu dozin-dozin yake sara. Takalmin nan da aka ci biki da shi aka dawo min da shi bai sayu ba, ko a rabin kuɗi. Ya zo daidai ƙafar Kawu, da shi yake zuwa alwala.